Tankin mota ma yana numfashi: fashin baƙi kan matsalar iska a tsofaffin motoci

Me ke sa tsohuwar mota ta tashi garau da safe, ta ci kilomita ashirin ko talatin ko tari ba ta yi ba, sai kuma ta fara fizga, totur ya ƙi amsawa, ta mutu a gefen titi alhali allura na nuna akwai rabin tanki? Me ya sa idan aka ba ta hutun minti goma sha biyar take tashi kamar ba ita ba? Wannan hucin kuma da ake ji idan an kwance murfin tanki a gidan mai, lafiya ce ko ciwo?

Tambayoyin sun daɗe, amma sun ƙara yawa a bakin masu mota tun daga 29 ga Mayun 2023, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki. Tun lokacin kowa ya sa wa tankinsa ido. A majalisa za ka ji mai cewa rana na shanye mai, don haka a naɗe murfin da leda a ɗaure tam. A gareji kuma za ka ji mai cewa a sa ƙusa a huda murfin, mota ta sha iska. Kowannensu ya riƙo wani yanki na gaskiya, kuma kowace shawarar na iya jawo asara idan ta faɗa kan motar da ba tata ba. Abin ya fi shafar masu riƙon tsofaffin motoci: Peugeot 504, Fijon da aka daɗe ana haɗawa a masana'antar PAN ta Kaduna wadda ta fara aiki a 1975, da Volkswagen Beetle da aka haɗa a Legas, da Marsandi samfurin W123, da Land Rover irin ta da.

Darasin gwangwanin madara

Duk mai shayi ya san ba a yi wa gwangwanin madara huda ɗaya. Idan aka yi ɗaya, madarar za ta ɗan fito ta tsaya. Sai an yi ta biyu a ɗaya gefen take zuba sumul, domin duk abin da ya fita daga gwangwanin dole iska ta shiga ta maye gurbinsa. Tankin mota haka yake. Famfon mai na zuƙo fetur yana tura wa kafireta, kuma kowace lita da ta fita tana barin gurbin lita ɗaya. Idan iska ba ta samu hanyar shiga ba, matsin da ke cikin tanki sai ya yi ƙasa da na waje, tankin ya fara ja baya da man da famfo ke son ɗauka. Ana nan ana ja-in-ja har famfo ya gaji. Kafireta ta bushe, mota ta mutu.

Wannan shi ya bayyana hutun minti goma sha biyar ɗin. Ba kasafai ake samun tankin da ya rufu ruf ɗari bisa ɗari ba, saboda haka idan inji ya tsaya iska na silalewa ciki a hankali har matsin ya daidaita. Shi ya sa kuma ciwon ya fi saurin bayyana idan tanki a cike yake: sararin iskar da ke sama kaɗan ne, lita biyu ko uku kawai za su fita matsin ya faɗi sosai. Idan tankin saura kwata ne, motar na iya yawon gari duk yini ba a ga komai ba. Mai mota da yawa yakan zargi gidan mai da sayar masa da gurɓataccen fetur don kawai motar ta mutu jim kaɗan bayan ya cika tanki.

Mutane na raina ƙarfin iska saboda ba a ganinta. Iskar da ke kewaye da mu tana danna kowane murabba'in santimita da nauyin kusan kilo ɗaya. Ɗauki tanki mai faɗin santimita 70 a kan 60. Idan matsin cikinsa ya ragu da kashi ɗaya cikin goma kacal, fuskarsa ta sama na ɗauke da nauyin kilo 420, wato fiye da buhun siminti takwas, kuma ta ƙasa ma haka. Tankin ƙarfe ne marar kauri. Shi ya sa ake sauke tanki a ga ya lotsa kamar an taka shi, ba tare da motar ta taɓa dukan komai ba. Motocin dizal sun fi fuskantar wannan, domin man gas ba ya tururi kamar fetur balle tururin ya ɗan cike gurbin, kuma masu Marsandi W123 mai dizal sun daɗe da sanin wannan ciwo.

Ɗaya ɓangaren: tanki na bukatar fitar da numfashi

Fetur gauraye ne na sinadarai masu yawa, kuma mafi sauƙinsu suna fara tafasa tun daga wajen digiri 30 zuwa 40 a ma'aunin Salshiyas. Wanda ya san watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai ya san zafin inuwa ma yana haura 40, balle motar da aka bari a rana, kwalta na huro wuta daga ƙasa, salansa na kusa da tanki. A irin wannan yanayi fetur na ta sakin tururi, tururin kuma na neman hanya.

Ruwan man shi kansa kumbura yake yi, kimanin kashi ɗaya cikin dubu a kowane digiri. Man da ya fito daga rijiyar gidan mai yana da ɗan sanyi. Idan ka sha lita 50 ya ɗumama da digiri 15, ya ƙaru da kusan kwata uku na lita, wajen kwalbar lemo biyu. Masu ƙera mota sun san da haka, shi ya sa suke barin sarari a saman tanki. Al'adar nan ta lokacin layin mai, a jijjiga mota a ce wa mai zuba "ƙara kaɗan, cika shi har baki", tana cinye wannan sarari ne, daga baya man ya biyo bututun iska ya zube a ƙasa.

Idan hanyar fita ta toshe, matsi na taruwa. Tanki ya kumbura, haɗin da aka yi masa walda ko dalma ya fara tsatsafo, tsohon tiyo ya tsage. Wani lokaci matsin kan tura mai ya wuce famfo ya rinjayi allurar da ke tsare ƙofar kafireta, man ya dinga ɗiga cikin inji motar tana ajiye. Sai a wayi gari tana wahalar tashi, filogi ya jiƙe, baƙin mai ya ƙaru a sandar awo yana warin fetur. Wannan na ƙarshen ya fi damuna, domin baƙin man da fetur ya tsinka ba ya kare ƙarfe, kuma inji yake ci a ɓoye.

Akwai kuma wata hanyar iskar ta daban da ake yawan rikitawa da wannan: bututu mai ɗan kauri da ya taso daga saman tanki ya haɗu da wuyan zuba mai. Aikinsa fitar da iska lokacin da ake shan mai. Idan shi ne ya lanƙwashe, bindigar gidan mai za ta dinga katsewa, mai ya dinga yin amai ta baki, amma motar za ta yi tafiyarta lafiya. Ciwo biyu ne, magani biyu.

Tsari uku, kuma murfi ba ya faɗin nasa

Tsofaffin motoci ba hanya ɗaya suke numfashi ba, kuma nan ne tushen ruɗanin. Mafi tsufan tsari shi ne murfin da kansa yake da 'yar ƙaramar kafa, sau da yawa a ɓoye ƙarƙashin leɓensa. Irinsa ne a kan babur da janareta, kuma 'yan acaɓa sun san yadda babur ke shaƙewa idan datti ko ruwan sama ya cike kafar. Tsari na biyu murfin a rufe yake, an ja siririn bututu daga saman tanki ko wuyansa, ya yi sama tukuna sannan ya sauko ya buɗe a ƙarƙashin mota.

Na uku daga Amurka ya samo asali. A farkon shekarun 1950 wani masanin sinadarai mai suna Arie Haagen-Smit ya nuna cewa hazon da ke shaƙe birnin Los Angeles yana samuwa ne idan tururin mai da iskar da ke fita daga injina suka haɗu a ƙarƙashin hasken rana. An kuma gano cewa wajen kashi 15 zuwa 20 cikin 100 na irin wannan gurɓatar da motocin lokacin ke saki, daga tanki da kafireta yake tashi, ko da injin a kashe yake. Jihar Kalifoniya ta wajabta kama tururin a motocin 1970, sauran Amurka ta biyo baya a na 1971. Yawancin ƙasashen Turai ba su sa wannan sharaɗi ba sai da ƙa'idar rage hayaƙin mota ta Euro 1 a farkon shekarun 1990. Dabarar ita ce gwangwanin gawayi: bututun iska na kai tururin cikin gwangwani mai cike da gawayi na musamman, gawayin ya riƙe shi, idan inji ya tashi ya zuƙe shi ya ƙona. Murfin irin wannan mota a rufe yake, sai ɗan bawul a cikinsa da ke buɗewa idan matsi ko zuƙa sun wuce kima.

Motar Ingila mai suna MGB, wadda aka ƙera daga 1962 zuwa 1980, ta isa misali. Wadda aka sayar a gida Ingila ta murfi take numfashi. Wadda aka kai Amurka a shekarun 1970 murfinta a rufe yake, tana da gwangwanin gawayi. Suna ɗaya, jiki ɗaya, amma idan aka ɗora rufaffen murfi a kan tankin da ba shi da wata hanya, za a kwana a titi. Haka abin yake a wurinmu. Motocin da suka shigo ta Kwatano daga ƙasashe daban-daban suka fito, kuma a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna abin da ake dubawa shi ne ko murfin ya hau ya ɗauru. Hawa daban, dacewa daban.

Abin da ke toshe hanyar a ƙasarmu

Na farko zanzaro. Bakin siririn bututu a ƙarƙashin motar da ta yi wata biyu a ajiye, wuri ne da ya dace da shi ƙwarai: ya kawo laka ya liƙe, lakar ta bushe ta zama kamar siminti. Sai ƙurar hunturu da ke haɗuwa da damshin mai ta zama ƙullu, da taɓon damina a hanyoyin karkara. Sai tsatsa a cikin bututun ƙarfe, da tiyon roba da ya shekara arba'in ya ruɓe ta ciki ya manne, alhali ta waje lafiyarsa ƙalau.

Amma a ganina hannun mutum ya fi duk waɗannan ɓarna. Mai fenti ya fesa ƙasan mota ya rufe bakin bututu. Mai gyaran jiki ya sauke tanki, da ya zo mayarwa ya danne tiyo tsakanin tanki da ƙarfe. Yaron gareji ya ga wani bututu na lilo yana warin mai, ya cusa masa noti ya ɗaure da waya, da zuciya ɗaya, yana ganin yoyo ya tare. Wani kuma ya ga gwangwanin gawayi bai san aikinsa ba, ya cire ya toshe layukan. Ko an sauya tiyon da wanda ya fi tsawo, ya yi ciki a tsakiya, mai ya kwanta a wurin ya tare iska kamar yadda ruwa ke kwanciya a gwiwar bututun bayan gida.

Gwajin da ba ya cin ko kwabo

Ciwon toshewar iskar tanki yana kama da wasu cututtukan mota, shi ya sa ake kashe kuɗi a banza. Ana sauya famfon mai, a wanke kafireta sau biyu, a sayi kwayil, ciwon na nan. Wani ma yakan sa famfon lantarki mai ƙarfi, motar ta daina mutuwa, ya yi murna, ashe sabon famfon ya fi ƙarfin tankin ne, bayan wata ɗaya ya lotsa shi.

Kafin a sayi komai, a jira motar ta mutu, a fita nan take a kwance murfin a hankali, a kasa kunne. Idan aka ji doguwar zuƙa, ko ƙarfen tanki ya yi ƙara yana komawa daidai, sannan motar ta tashi bayan 'yan juyi, an kama ɓarawo. Kunne ba ya iya bambance iskar da ke shiga da mai fita koyaushe, don haka a riƙe siririyar leda ko takarda kusa da bakin a ga inda za ta karkata. Kada a kusanto da ashana ko sigari ko kaɗan. Don tabbatarwa, a rage mai zuwa ƙasa da rabi, a sassauta murfin, a bi hanyar da ta saba mutuwa. Idan ta wuce lafiya, hanyar iska za a bi. Wannan gwaji ne na rana ɗaya, kada ya zama yadda za a ci gaba da hawa.

Ɗan gajeren huci a mota mai gwangwanin gawayi ba abin tsoro ba ne, domin da yawansu an yi su ne su riƙe ɗan matsi kaɗan. A motar da ke numfashi ta murfi ko ta buɗaɗɗen bututu kuwa, bai kamata a ji komai ba.

Akwai wani ciwon da ya kamata a ware, wato tafasar mai a cikin layi. Shi ne wanda tsofaffin direbobi ke jiƙa tsumma su ɗora a kan famfon mai. Yana zuwa ne da zafi: cunkoso, tsakar rana, ko an kashe mota mai zafi an dawo bayan minti goma. Toshewar iska kuwa ba ruwanta da rana, da asuba ma tana kamawa, kuma ta fi son doguwar hanya da gudu, inda ake shan mai da yawa. Idan buɗe murfi bai canja komai ba amma jiƙaƙƙen tsumma ya taimaka, tanki ba shi da laifi.

Masu hudawa da masu liƙewa

Masu cewa a huda murfi suna da hujja: aikin minti ɗaya ne, kuma motar na daina mutuwa. A motar da asalinta murfi mai kafa take amfani da shi, idan an rasa na ainihi, ƙaramar huda da ba ta wuce kaurin allura ba tana iya kai mutum gida. Illarta ita ce murfin ainihi yana da lungu a ciki da ke tare fantsamar mai, hudar ƙusa kuwa miƙaƙƙiya ce. A kwana mai zai fito ya ci fenti, ƙura da ruwan wanki su shiga, idan kuma Allah ya kawo tsautsayi mota ta kife, man zai tsiyaye. Saboda irin wannan ne Amurka ta ƙara gwajin kifewa cikin ƙa'idojin tankin mota a tsakiyar shekarun 1970, aka fara sa bawul mai rufe bututun iska idan mota ta juye.

Masu liƙewa da leda su ma ba ƙarya suka yi ba cewa mai na tashi sama. Yana tashi, musamman a zafinmu. Amma abin da ke fita ta kafa mai kaurin allura bai kai abin da kafireta marar saiti ko taya marar iska ke ci ba, kuma ribar da za a samu ba ta kai kuɗin tanki ɗaya ba. Wanda ke jin mansa na raguwa motar tana ajiye, ya duba yoyo a tiyo da gindin tanki, ya kuma nemi inuwa. Mafi muni shi ne wanda murfinsa ya ɓata ya cusa tsumma: tsumman na shan mai kamar lagwani, yana zubar da zare a tanki.

A tsakanin masu tattalin tsofaffin motoci a Turai da Amurka ma akwai saɓani. Wasu na ganin a bar mota yadda ta fito daga masana'anta, ko da garejin zai dinga wari. Wasu na ƙara bawul ɗin kifewa, har da ƙaramin gwangwanin gawayi a ɓoye. Ni ina tare da na biyun. Bawul ɗin ba ya canja kamannin mota, ba ya rage mata ƙarfi, kuma ranar da za a bukace shi ba ranar da za a iya komawa a saka ba ce.

Abin da ya shafi gida da iyali

Tururin fetur ya fi iska nauyi sau uku zuwa huɗu, saboda haka ƙasa yake bi ya taru a rami da lungu. Idan ya kai tsakanin kashi 1.4 zuwa 7.6 cikin 100 na iskar wuri, tartsatsi ɗaya ya ishe shi. A gidajenmu ana ajiye mota a zaure ko tsakar gida, kusa da janareta, wani lokaci ba nisa da murhu. A cikin fetur kuma akwai sinadarin benzin, wanda aka tabbatar yana jawo sankarar jini ga mai yawan shaƙarsa. Beetle ta fi bukatar kulawa a nan, domin tankinta a gaba yake, dab da ƙafafun direba, kuma idan siraran tiyoyin da ke kewaye da wuyan tankin suka tsage, warin kai tsaye cikin mota yake shigowa. Mai mota ya saba har ya daina ji, yaran da ke baya su ne ke sauka da ciwon kai.

Man zamani ya ƙara wani abu. A Birtaniya tun Satumban 2021 fetur ɗin yau da kullum na iya ɗaukar ethanol, wato sinadarin barasa da ake gauraya wa mai, har kashi 10 cikin 100, kuma an shawarci masu tsofaffin motoci su tsaya kan mai kashi 5. Ethanol na jan damshi daga iska yana kuma cin tsohuwar roba. Mu ma mun ɗanɗani makamancin haka a Fabrairun 2022, lokacin da aka shigo da fetur mai yawan methanol, wani sinadari ɗan'uwan ethanol, Najeriya. Tankin da ke buɗe da yawa yana shaƙar iska mai laima kowane dare a damina, ruwan ya kwanta a gindi, tsatsa ta fara daga nan. Motar da za a ajiye wata da watanni gara a bar tankinta kusan cike, da ɗan sarari a sama.

Idan aka zo gyara, a fara gano wane tsari motar ta zo da shi, a bi bututun da hannu daga tanki har ƙarshensa. A cire shi daga jikin tanki kafin a hura masa iska, kuma kada a sa injin mai faci a kan rufaffen tanki, zai kumbura shi. Kada a zuƙa da baki, domin fetur kaɗan idan ya shiga huhu yana iya kwantar da mutum a asibiti. Sabon tiyo ya zama na mai, ban da farin tiyon da magina ke awon lebur da shi, wanda ke sandarewa ya tsage. Ya haura sama da bakin tanki kafin ya sauko, ya fita wajen jikin mota nesa da salansa, a sa masa ƙaramar matata a baki saboda ƙura da zanzaro.

Tankin da ya riga ya lotsa kuwa, yakan rage yawan man da yake ɗauka, ya lanƙwasa sandar awon fetur da ke cikinsa allura ta dinga ƙarya, wani lokaci gindinsa ya taso ya rufe bakin bututun da famfo ke zuƙa. Idan za a kai shi wurin mai walda, a tuna tankin da aka juye ya fi cikakke haɗari, domin a cikinsa ne tururi da iska suke haɗuwa daidai yadda wuta ke so. Wanki ɗaya da ruwa bai isa ba. Ƙwararrun masu wannan aiki sukan wanke shi da sabulu da ruwan zafi sau da yawa, su bar shi a buɗe, sannan su cika shi da ruwa har kusa da inda za a yi aikin kafin su kunna wuta. Idan aka samu lafiyayyen tanki na irin motar a kasuwa, sauya shi ya fi sauƙi, amma a buɗe hanyar iskar kafin a ɗora shi, in ba haka ba shi ma zai lotsa.